Mariƙin ƙololuwa mai ƙofa a SPICE: dayod, lissafi, ko a bar wa .meas?

A ɗauki farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 25, a ɗora masa kan na'urar neman tsaga, irin wadda ke harba sautin da kunnen mutum ba ya ji. Sautin yana gudu cikin ƙarfe kusan mita 5,900 a sakan guda. Zuwa bayan farantin da dawowa milimita 50 ke nan, don haka amsa-kuwwar za ta iso bayan kamar maikrosakan 8.5. Tsayin wannan amsa-kuwwar ake son aunawa. Damuwar ita ce harbin farko ya fi ta girma nesa ba kusa ba, kuma shi ke fara shiga kunnen na'urar. Idan aka sa mariƙin ƙololuwa na gama-gari, wato da'irar da ke kama boltej mafi girma ta riƙe shi, harbin zai kama ya riƙe, amsa-kuwwar ta zo ta wuce bai ma san da ita ba.

Shi ya sa ake yi masa ƙofa. Daga maikrosakan 7 zuwa 10 ƙofa a buɗe take, mariƙi yana bin sigina sama, ba ya binta ƙasa. Da an rufe, sai ya tsaya cak a kan abin da ya samu har a karanta, sannan a goge kafin harbi na gaba. Irin wannan da'ira ce ake samu a na'urorin auna tsayin bugun da ke fitowa daga ma'aunin tururin nukiliya, da kuma radar da ke sauraron wani tazara kaɗai.

Wanda ke tsara dukan na'urar a kwamfuta sau da yawa bai damu da cikin mariƙin ba tukuna. So yake ya sami ɗaya marar aibi: ba ya cin ko milibolt guda, ba ya yoyo, ba ya jinkiri, don ya ji da sauran sassan. To amma SPICE, manhajar kwaikwayon da'irorin lantarki a kwamfuta, tun wanda Laurence Nagel ya gabatar a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1973 ƙarƙashin Donald Pederson, bai zo da irin wannan abu a shirye ba. Haka jikokinsa, LTspice da ngspice da PSpice: sai dai ka haɗa da kanka. Hanyoyin haɗawar suna da yawa, kuma kowace akwai inda take cizo.

Kafin a taɓa ko ɗaya, a fara gina siginar da aka san amsarta. Ga wadda nake amfani da ita a LTspice:

B0 shiga 0 V=0.2*cos(2*pi*5e6*(time-8.5u))*exp(-((time-8.5u)/0.3u)**2)

Wannan ɗan guntun kaɗawa ne mai megahaz 5, ƙololuwarsa milibolt 200 daidai, a maikrosakan 8.5 daidai. Duk mariƙin da ya ba da wata lamba daban, kuskurensa a fili yake. A lura da taurari biyun nan na ƙarshe. A LTspice su ne alamar ninka lamba da kanta; alamar ^ wani aiki take yi can na lojik, kuma manhajar ba za ta yi maka gargaɗi ba, za ta dai zana maka shirme ta yi shiru.

Tambayar da ya kamata mutum ya fara yi wa kansa ita ce: wa ke bukatar wannan ƙololuwar? Idan ni ne kawai nake son ganin lamba bayan an gama kwaikwayo, to babu dalilin gina komai. Layi ɗaya ya isa:

.meas TRAN kololuwa MAX V(shiga) FROM 7u TO 10u

A ngspice sai a sa alamar daidai bayan from da to. Wannan shi ne mariƙi marar aibi na gaskiya, domin ba ya cikin da'irar sam. Bayan an gama lissafi ne yake duba bayanan da aka ajiye ya zaro mafi girma. Ba yoyo, ba jinkiri, ba ya hana lissafi daidaituwa. A haɗa shi da .step, a sauya kaurin ƙarfe ko ƙarfin amfilifaya sau 50, a sami lambobi 50 a jere cikin takardar rahoto, a zana su ma in ana so. Sharaɗi ɗaya: LTspice yana iya matse bayanan da yake ajiyewa don rage girman fayil, matsewar kuwa takan aske kan ƙololuwa. A rubuta .options plotwinsize=0 a huta. Na ga mutane da dama suna kwana kan dayod da makunni alhali wannan layin ne kawai bukatarsu.

Inda .meas ya gaza shi ne idan wani sashe na da'irar yana jiran wannan ƙimar yayin da ake cikin gudu: misali da'irar da ke rage ko ƙara ƙarfin amfilifaya bisa tsayin amsa-kuwwar da ta gabata, ko mai kwatanta da ke kunna ƙararrawa. Nan dole a sami mahaɗa ta gaske mai ɗauke da boltej ɗin.

Abin da hannu ya fi saurin kaiwa shi ne a zana yadda ake yi a kan allo: makunnin ƙofa, sai dayod, sai kafasita zuwa ƙasa, sai wani makunni a gefen kafasitar don gogewa. Kyawunta shi ne kowa ya kalla ya gane, kuma tana tafiya a kowace manhaja. Amma dayod na SPICE na asali yana cin kusan bolt 0.65 a miliamfiya guda, siginarmu kuwa gaba ɗayanta bolt 0.2 ce. Tsohuwar dabara ita ce a rage N, wato lambar da ke sa gangaren dayod ya yi tsaye, daga 1 zuwa 0.01. Faɗuwar sai ta ragu sau ɗari. Mu lissafa: kafasita mai nanofarad 1, sigina mai megahaz 5 da milibolt 200, kwararar caji takan kai miliamfiya 6 da ɗoriya, dayod ɗin zai ci milibolt 7 a lokacin. Kusa da ƙololuwa kwararar tana raguwa, amma faɗuwar ba ta raguwa da sauri haka, za a tashi da giɓin wajen milibolt 6. Kashi 3 cikin ɗari ke nan. Ga sigina mai bolt 10 ba wanda zai kula. Ga amsa-kuwwa kuwa babbar ɓarna ce. A ƙara rage N zuwa 0.001, giɓin ya koma ƙasa da milibolt 1, amma gangaren ya yi tsinin da lissafin Niyuton ke fara tuntuɓe a kansa, sai ka ga manhaja tana rage taku har ta ce takun ya yi ƙanƙanta ta tsaya.

LTspice yana da mafita mafi tsabta, dayod mai layi biyu miƙaƙƙu:

.model CIKAKKE D(Ron=1 Roff=1G Vfwd=0)

Da zarar an ambaci Ron, manhajar ta bar lissafin dayod na gaske ta koma wannan. Akwai kuma Epsilon da ke ɗan lanƙwasa kusurwar don lissafi ya samu sauƙi. A ngspice akwai ɗan uwansa mai suna sidiode a cikin kayan XSPICE, waɗanda asalinsu daga Jojiya Tek ne. Faɗuwa ta tafi. Saura yoyo, kuma nan ne na fi son a tsaya a duba da kyau.

Saurin caji shi ne Ron, turjiyar dayod lokacin da yake barin kwarara, sau C, girman kafasita. Saurin yoyo shi ne Roff, turjiyarsa lokacin da ya toshe, sau C. Da om 1 da nanofarad 1, caji yana ɗaukar nanosakan 1. Da gigaom 1, yoyo yana da ma'aunin sakan 1. Idan ana harbi sau 1,000 a sakan, riƙon kusan milisakan 1 ne, za a yi asarar kashi 0.1 cikin ɗari, wato milibolt 0.2. Ba laifi. Amma mutum ya ce bari in ƙara girman kafasita don yoyon ya ragu, sai cajin ya yi nauyi daidai gwargwado. C tana ɓangarorin biyu, ba ta raba gardama. Abin da ke raba ta shi ne Roff a kan Ron, kuma tun littafin jagorar SPICE na Bakli ake gargaɗin kada wannan rabo ya wuce 1e12, domin lambobin kwamfuta ba su da isassun gurabe da za su riƙe ƙaton abu da ɗan mitsitsi a lissafi ɗaya. Ga kuma Gmin, ɗan yoyon da SPICE ke liƙa wa kowace mahaɗar dayod na asali da gangan, 1e-12, daidai da teraom 1. Ma'ana dai wannan hanya tana da rufi. Za ta kai ka kusa da cikakke, ba za ta shigar da kai ba.

Wani abin dariya a gefe. Na taɓa rubuta Roff=1000M ga makunnin gogewa, a zuciyata megaom dubu. A SPICE harafin M mili ne, babba ko ƙarami, sai an rubuta Meg. Om 1 na sa ke nan. Na yi rabin yini ina zargin dayod, ina sauya Epsilon, kafasita kuwa tana zubar da caji kamar kwando. Haka 1F ba farad guda ba ne, femtofarad ne.

Hanyar da ni na fi so ita ce a jefar da dayod da makunnai, a rubuta halin da ake so kai tsaye da tushen B, wato tushen boltej ko kwarara da ke bin lissafin da aka rubuta masa:

B1 0 riko I=u(V(kofa)-0.5)*uramp(V(shiga)-V(riko)) - 0.1*u(V(goge)-0.5)*V(riko)
C1 riko 0 1n
.ic V(riko)=0

Karanta shi kamar magana. Idan ƙofa a buɗe take kuma shiga ta fi riƙo, tura kwarara daidai da bambancin. Idan an ce goge, zuƙe cajin cikin ma'aunin nanosakan 10. In ba haka ba, kwarara sifili ce, sifili na gaske, ba gigaom ba. Yoyo ya ƙare. Layin .ic ba ado ba ne: mahaɗar da ba ta da komai sai kafasita da tushen kwarara ba ta da hanyar zuwa ƙasa a lissafin farko, in ba a faɗa wa manhaja daga ina za ta fara ba sai ta yi ƙorafi ko ta zaɓi abin da ta ga dama. Ayyukan u da uramp suna nan tun SPICE3 da Thomas Quarles ya rubuta a 1989, don haka waɗannan layukan suna tafiya a LTspice da ngspice, har da cikin KiCad, manhajar zana da'ira, tunda ngspice ne injinsa. PSpice ne sai an fassara masa: a can harafin B na wani irin taransista ne, sai a yi amfani da G da VALUE, a maye u da IF ko STP.

Idan LTspice kaɗai ake aiki da shi, ana iya haɗiye kafasitar ma:

B2 riko 0 V=idt(1e9*u(V(kofa)-0.5)*uramp(V(shiga)-V(riko)), 0, V(goge)>0.5)

Aikin idt tarawa ne. Abu na biyu a cikinsa shi ne inda za a fara, na uku kuma sharaɗin komawa can. Layi ɗaya ya ɗauke ƙofa da riƙo da gogewa, kuma fitarsa tushen boltej ne, ka rataya masa duk nauyin da kake so ba zai sunkuya ba. Wancan mai kafasitar kuwa sai an bi shi da tushen E, mai kwafe boltej ba tare da jan kwarara ba, a matsayin garkuwa, in ba haka ba rasistar farko da ka jona za ta dawo maka da yoyon da ka kora. Kuɗin da za ka biya shi ne ɗaurewa ga manhaja ɗaya. Ranar da abokin aiki mai KiCad ya ce turo min, sai an sake rubutu.

Akwai wata gajeriyar hanya da kusan kowa ke gwadawa sau ɗaya: V=max(V(shiga),V(riko)) a kan mahaɗar riko ita kanta. A ido ta yi daidai, sabon riƙo shi ne mafi girma tsakanin shiga da tsohon riƙo. Sai dai SPICE bai san "tsoho" a nan ba. Duka biyun na lokaci ɗaya ne, kuma duk wata lamba da ta kai shiga ko ta fi ta amsa ce ingantacciya ga wannan lissafi. Abin da zai fito ya danganta da inda lalube ya tsaya. Wani lokaci ya yi kamar yana aiki, wanda shi ne mafi muni. Tuna baya a SPICE sai da abin da ke tarawa, kafasita ko idt. Masu sa delay a ciki sun gyara ma'anar, amma sun ɗaure takun lissafi da ɗan gajeren jinkirin da suka sa, kwaikwayo ya koma tafiyar hawainiya.

To me ya sa na sa 1e9 ban sa 1e12 ba, tunda cikakke ake nema? Domin mariƙin ƙololuwa ba ya mantuwa. A sauran da'irori, in lissafi ya ɗan zarce a taku ɗaya, taku na gaba zai dawo da shi, ba wanda ya sani. A nan kuwa hawa kawai ake yi, ba sauka. Duk zarcewar da ta faru sau ɗaya ta zauna har sai an goge. Hanyar tarawa ta tarafizoyid, wadda yawancin SPICE ke farawa da ita, tana da halin zarcewa idan takun lokaci ya fi ninki biyu na ma'aunin saurin da'irar. Ka buɗe ƙofa a daidai lokacin da sigina take sama, bambancin ya yi girma farat ɗaya, taku guda ya cilla riƙo sama da shiga, uramp ya rufe hanyar dawowa. Manhaja tana da mai gadin da ke ƙin irin wannan taku, amma ma'auninsa na yau da kullum, reltol, kashi ɗaya ne cikin dubu, ba ya kama komai da komai. Sakamakon shi ne ka ƙara wa mariƙi sauri don ya fi zama cikakke, amsarsa ta fi zama ƙarya. Wannan ya shafi dayod mai Ron=1m kamar yadda ya shafi tushen B.

Lissafin zaɓen ba shi da wuya. Jinkirin nanosakan 1, wanda 1e9 ɗin ke bayarwa, a kan megahaz 5 yana rage ƙololuwa da kusan kashi 0.05 cikin ɗari. Shi kuma takun lokaci yana da nasa: zagaye ɗaya nanosakan 200 ne, in ana taku kowane nanosakan 10, wato ɗigo 20 a zagaye, ana iya tsallake kan ƙololuwar a rasa kashi 1.2 cikin ɗari. Da nanosakan 2, ɗigo 100, asarar ta koma kashi 0.05. Wannan ta biyun har .meas ba ta bari, domin abin da ba a lissafa ba ba a ajiye shi ba. Saboda haka taku nanosakan 2 da jinkiri nanosakan 1 sun dace da juna: kurakuran biyu girmansu ɗaya, jimillarsu wajen milibolt 0.2, kuma takun bai wuce ninki biyu ba. Rage jinkirin sau dubu ba zai ƙara komai ba sai haɗari. In har yanzu ana ganin zarcewa, a ba ƙofar gefuna masu ɗan gangara na nanosakan kaɗan, a gwada .options method=gear, a matse reltol zuwa 1e-4. Kada a rubuta sifili a lokacin tashin PULSE, tushen bugun da ke buɗe ƙofar, da zaton an sami kaifi. Manhajar za ta sa nata ne a madadin.

Wahalar taku nanosakan 2 ita ce harbi 10 a jere, milisakan 10, taku miliyan 5 ne, yawancinsu a kan shiru. Ko dai a matso da harbe-harben kusa da juna a kwaikwayo, tunda mariƙin ba ya yoyo bai damu da tsawon jira ba, ko a ajiye wani tushen PULSE na banza a gefe mai kaɗawa da sauri a cikin ƙofa kaɗai. SPICE yana tsayawa a kowace kusurwar PULSE, sai ya yi ƙananan taku inda ake bukata ya yi manya a sauran wuri.

Saura biyu da zan bi ta kansu da sauri. LTspice yana da abin ɗauka-ka-riƙe a shirye, mai suna sample, riƙonsa kuwa ba yoyo. Amma sai an gaya masa yaushe zai ɗauka, kuma in aka ce ya bi shiga muddin ta fi fita, da ya kamo ta sai sharaɗin ya mutu, ya saki, ya sake kamawa, a yi ta karkarwa. Ya fi amfani a bayan mariƙi, ya kwashe amsa lokacin da ƙofa ta rufe don fitar ta zauna lafiya yayin gogewa. Sai rubuta lambar shiri: Verilog-A a Spectre na Cadence, ko C++ a QSPICE, wanda Mike Engelhardt, marubucin LTspice, ya fitar a kamfanin Qorvo a 2023. Nan "tsohon riƙo" yana da ma'ana ta gaske, kuma in ana son ƙofofi 3, da lokacin da kowace ƙololuwa ta faru, da ƙirga bugun da suka wuce wani mizani, babu hanyar da ta kai ta. Sai dai a kula: manhaja takan gwada taku ta ƙi shi ta koma baya, in shirinka ya riga ya ajiye ƙimar takun da aka ƙi, ka kama ƙololuwar da ba ta taɓa faruwa ba. Ga mariƙi ɗaya tak, ɗaukar gatari ne don yanka albasa.

Da za a tambaye ni, ga yadda zan raba. Lamba kawai kake so, .meas. Da'ira na jiran ƙimar kuma LTspice ne gidanka, idt. Fayil zai zaga hannun mutane masu manhajoji daban-daban, tushen B da kafasita. Dayod da makunnai sai in mako mai zuwa za ka fara maye su da na gaske ɗaya bayan ɗaya, dayod mai lamba, op-amf mai iyakar gudu, makunni mai watsa ɗan caji lokacin rufewa. A nan zanen da ya yi kama da allo yana da daraja, domin kana ganin nawa kowane sashe na gaske ya ci daga milibolt 200 ɗin. Kuma duk waɗannan suna gogewa zuwa sifili, don haka ƙololuwar da ke ƙasa da sifili ba za su gan ta ba. In amsa-kuwwar na iya juyewa, kamar yadda takan yi gwargwadon abin da sautin ya daka, a sa abs a kan V(shiga).

Kowacce ka ɗauka, yi mata gwaji uku da siginar farko, .meas yana gefe a matsayin alƙali. Ƙofa daga 7u zuwa 10u, a ga milibolt 200 ko ƙasa da haka da ɗan kaɗan. Sai a buɗe ƙofar a 8.5u daidai, a kan ƙololuwar: in riƙo ya nuna 203, zarcewa ce, a koma kan taku da jinkiri. Sai a buɗe ta a 8.6u, cikin kwarin kaɗawar, inda babbar ƙololuwa ta riga ta wuce. Ta gaba da ita ce ya kamata a kama, wajen milibolt 129 zuwa 130.